Gonar Baba a Rabin Duro

Shekarar da surukina ya zauna a gidanmu na Gwarzo, aiki ɗaya mijina ya ɗora mini, kuma har yau ina ganin bai yi mini adalci ba. Ranar wata Lahadi da yamma, yana zuge jakarsa zai koma wurin aikinsa a Kano, ya ce da ni, "Kome za a yi, kada ki bari Baba ya fita." Ya faɗe ta a sauƙaƙe, sai ka ce miya ya bar mini a wuta in duba kada ta ƙone. Ya kama hanyarsa, ba zan sake ganinsa ba sai Juma'a.

Baba manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Kabo. Yana da ciwon suga, ga shi ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa wajen sharar gona. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da harkarsa har ciwon ya zama gyambo. Da aka kai shi asibiti likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a riƙa wanke ciwon duk bayan kwana biyu, kuma in tsohon nan ya sake taka gona kafin wurin ya rufe, ƙafar za a cire. Shi ya sa aka kawo shi wurinmu aka bar gonar a hannun ƙanen mijina, ana saura 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka.

To ni matar ɗansa ce, ɗan ma na fari, wanda ko sunansa Baba ba ya faɗa. Tun da aka kawo ni cikin danginsu ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, shi kuma ba ya yi mini magana kai tsaye. Ko mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, sai ya kalli katanga ya ce, "A gaya wa masu gidan nan ana son ruwan alwala." Ni kuma in ce, "To, Baba," kamar wani ne ya kawo mini saƙon. Da wane bakin zan hana wannan mutumin fita?

Ranar Talata ya gwada ni. Tun da sassafe na ɓoye takalmansa a bayan randa ina ta istigfari. Ya fito, ya duba nan ya duba can. Ya zura silifas ɗin mijina na banɗaki a ƙafar mai lafiya, ya ɗaura leda a mai ciwon, ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure. Na bi shi da sauri, na zube a ƙasa, na buɗe baki zan ce kada ya tafi, sai na ji kaina ina cewa, "A dawo lafiya, Baba." Allah ne ya rufa mini asiri, ma'aikacin asibitin da ke zuwa wanke masa ciwo ya ci karo da shi a bakin tasha yana neman motar Kabo, ya ɗora shi a babur ya dawo mini da shi. Ranar na shiga kicin na yi kuka, rabi don tsoro, rabi don haushin kaina.

Tsakar gidanmu siminti ne tun daga ƙofar zaure har bakin banɗaki. Ni kuwa ina son ɗanyen ganye a miya, don haka na jera robobin fenti da tsofaffin bokitai a jikin katanga, tumatir a wannan, attaruhu a wancan, alayyafo a wani fasasshen baho. Ina ji da su ƙwarai, duk baƙuwar da ta shigo sai na nuna mata, ko da yake sau biyu nake ba su ruwa a rana kuma kafin azahar sun langaɓe.

Da ruwan farko ya sauka ƙanshin ƙasa ya shigo ta saman katanga, na ga Baba ya fito ya zauna a kujera 'yar tsugune yana shaƙa, ido a rufe. Na san gobe sai ya sake gwada ƙofa. Da ya buɗe ido sai ya sauke shi a kan bokitaina, ya daɗe yana kallo.

"A tambayi masu gidan nan," in ji shi, fuskarsa a katanga, "laifin me tumatirin nan ya yi aka kulle shi shi kaɗai?"

Na ce, "To, Baba."

"Ga ƙasa an bar ta tsirara, rana tana dukanta. Ina aka taɓa yin haka?"

Raina ya ɗan sosu, amma a nan dabara ta zo mini. Akwai wani rabin duro da na sa aka huhhuda masa gindi, na cika shi da ƙasa da takin awaki, ina ajiyarsa don dashen lemun tsami. Tun da shi katanga yake wa magana, ni sai na kalli randa na ce, "Da Baba zai taimaka ya nuna yadda ake yi, ga wancan duron babu komai a ciki."

Da farko na zaci na yi rashin kunya. Can sai ya ce shi ba ya noma gonar da bai san matsayinta ba, kyauta ce ko aro? Na ce aro. Ya ce aron gona sai da shaidu. Bayan la'asar mai wankin ciwo da ladanin masallacinmu suka tsaya a tsakar gida, aka nuna musu duro, aka nuna musu iyakarsa gabas da yamma, kudu da arewa, aka shafa fatiha. Ladan ya yi ƙoƙari, ya riƙe dariyarsa har ya kai zaure, a can na ji ta ƙwace masa.

Iri kuwa ashe da abinsa ya zo, a ƙulle cikin wani tsumma a aljihun 'yar-cikinsa. Ya shuka dawa a tsakiyar duro, ya kewaye ta da wake, ya sa kabewa biyu a gefe. Ta ɓangaren da ke kallon bokitaina kuma ya jera yakuwa, wai don a san inda gonarsa ta tsaya tawa ta fara. Yana yi yana yi wa katanga karatu. Dawa ta miƙe sama ta yi wa wake inuwa, wake ya gyara mata ƙasa, kabewa ta shimfiɗa ganye ta rufe gindinsu, rana ba ta shanye damshi ba, ciyawa ba ta sami wurin numfashi ba. Daga nan ya aiko da umarni ta kan iyaka: a sa ɗoɗɗoya a gindin tumatir, a sa albasa kusa da attaruhu, a watsa lansir ya rufe ƙasa, inda ya rage a zuba ɓawon gyaɗa. Na yi duka ina gunaguni a zuci. Abin haushin shi ne gaskiyarsa ce. Da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki a tsakiyar damina, bokitaina suka yi ta sheƙi ban ba su ko kofi ɗaya ba.

Babban cokalina na zuba shinkafa shi ya zama fartanya. Baba da kansa ya lanƙwasa masa wuya a jikin dakali. Kullum da hantsi sai ya sa tsohuwar rigarsa ta noma, ya ɗora malafa, ya saɓa cokali a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya ce, "To, mun tafi gona." Taku bakwai ne. Ya isa, ya zauna a kujerarsa, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya yi ta tonon bakin duro har rana ta take. Fura kuwa ba ya karɓarta a ɗaki, sai dai a kai masa gona kamar yadda ake kai wa kowane manomi. Haka nake ɗora ƙwarya a ka, in fito daga kicin, in yi sallama in sauke. In na makara sai ya ce, "A gaya wa masu gidan nan gonar bana ba ta da nisa sosai."

Da lokacin noman farko ya yi sai ya kira gayya. Dattijai uku ya gayyato ta bakin ladan, suka zo bayan sun karya kumallo, kowa ya naɗe hannun riga. Ni kuma aka ce in yi tuwon gayya, kuma kada a ji kunya. Na tuƙa tukunya guda, na yi miyar kuɓewa da man shanu. Da aka sunkuya kan duro aka bincika, ciyawa biyu aka samu. Na farko ya cire ɗaya, na biyu ya cire ɗaya, na uku ya tsaya hannu rabbana, ga shi shi ne babbansu. Baba ya nemi izini ta wajen katanga ko baƙo zai iya tsallaka iyaka ya taimaka wa maƙwabta. Na ce to. Dattijon ya leƙa bahona, idonsa ba ya gani sosai, ya tumɓuke alayyafon da ya fi kowanne girma, ya karkaɗe saiwarsa ya jefar. Sannan suka wanke hannu suka ci tuwo kamar sun nome fadama, ana ta yi wa juna sannu da aiki.

Bayan haka ne kabewa ta yi abin da aka shuka ta don shi. Ganyenta ya rufe duro ruf, ko tsinken ciyawa ba ya fitowa. Baba ya je gona ya rasa abin yi. Ya ɗaga ganye, ya leƙa, ya mayar, ya yi tsaki. Kwana biyu na ga ya fara kallon zaure, yana tambayar katanga ko yau kasuwar ina ce ke ci. Hankalina ya tashi. Da ya shiga ɗaki hutun azahar sai na yafa mayafi na zaga bayan gida da wuƙa, na haƙo ciyawa, harkiya da gude-gude, da ƙasarsu, na zo na daddasa su a ƙarƙashin ganyen kabewa. Ni da na yi makaranta, ina durƙushe ina dashen ciyawa, har da yayyafa mata ruwa kada ta mutu kafin a kashe ta.

Washegari na ji muryarsa tun daga kicin. "Kai! Ashe kuna nan, 'yan banza!" Ya wuni yana cira yana zaginsu, fuskarsa a washe. Na ci gaba da yi duk bayan kwana uku. Rannan na kai fura sai ya ce wa katanga, "Ciyawar bana abin mamaki gare ta, da jar ƙasa take zuwa a gindi, ga gonar baƙar ƙasa ce." Na yi tsuru-tsuru, ƙwarya a hannu. Ya kurɓi fura ya ƙara da cewa, "Harkiyar dai ta fi daɗin cira." Daga ranar harkiya kaɗai nake kawowa.

Kabewar ba ta tsaya a duro ba. Ta zubo ƙasa ta yi yaɗo a kan siminti, ta bi ta kan bokitaina ɗaya bayan ɗaya, ta kama igiyar shanya, ta haye rufin kicin. Baba ya kafa mata dokoki. Ba a taka ta, ba a ɗage ta don shara, kuma da ta fara 'ya'ya aka hana nuna su da yatsa, wai zubewa suke yi. Duk gidan muka koma nuni da haɓa. Shanya sai a gidan maƙwabta nake yi. Mijina ya dawo wata Juma'a, ya bi jikin katanga a kaikaice ya shigo, ya ɗaga kai ya ce, "Kai, ga wata ƙatuwa can!" Kafin yatsansa ya miƙe sandar Baba ta sauka a bayan hannunsa. Mutum mai furfura a gemu ya tsaya yana murza hannu yana ba da haƙuri. Ban taya shi jaje ba, don shi ya jawo mana duk wannan.

Ciwon dai yana ta tsukewa. Mai wankin ciwo ya ce saura kamar faɗin farcen babban yatsa, amma ya ja mini kunne a zaure. Ya ce yanzu ne abin tsoron, don a nan mutane suke ganin sun warke su taka, wurin ya buɗe, a koma abin da ya fi na farko muni.

Kwana kaɗan da wannan maganar wani mutumin ƙauyensu ya zo duba Baba. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi mutan gida da dabbobi da ruwa, sai ya ɗauko yabon ƙanen mijina. Ya ce yaron nan ya iya noman zamani. Dawa zalla ya shuka, ya yi feshin maganin ciyawa, babu wake, babu kabewa, gona fes, kana tsaye a wannan iyakar kana hango ƙasa har waccan. Shi a ganinsa albishir ya kawo. Ina jin su daga kicin na dafe kai. Ranar tuwon Baba ya dawo mini yadda na kai shi.

Da hantsin washegari na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. A-kori-kura ce, Baba ya kira ta da 'yar wayarsa ban sani ba. Direba ya yi sallama ya shigo da ƙarti biyu. Baba ya fito da jakarsa a hannu da takalmansa a ƙafa, ya sanar da katanga cewa shi zai tafi ya ga ɓarnar da aka yi masa. Duro kuma da shi za a tafi, a dawo da shi bayan kaka, don manomi ba ya barin dawarsa tana da ciki ya juya mata baya. Na kira mijina sau huɗu, wayarsa a kashe. Na kira mai wankin ciwo, ya ce yana wani ƙauye sai bayan azahar.

Ƙartin suka kama duro suka ɗaga. Duk gidan ya amsa. Igiyar shanya ta girgiza, kwanon rufin kicin ya yi ƙara, bokitin tumatir ya biyo su yana jan gindi a kan siminti, wata kabewa ta fara lilo a saman kan direba. Suka sauke da sauri.

"Baba, ai sai an yanke yaɗon nan daga bakin duro," in ji direba. "In ba haka ba da gidan za mu tafi."

Baba ya ce, "A ba da wuƙa."

Ni na kawo ta. Na ɗauko ta daga kicin, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu, ina sane da cewa ƙafarsa nake miƙawa a yanke. Ban taɓa jin na tsani tarbiyyar da aka yi mini ba sai ranar.

Akwai abin da na sani game da kabewar nan, don ni nake tsugunawa a ƙarƙashinta da tsintsiya. Duk bokitin da ta bi ta kansa, sai da ta saki fararen saiwoyi daga gaɓarta ta kama ƙasarsa. Ko an yanke ta daga duro ba abin da zai same ta, za ta ci gaba da rayuwarta a cikin tumatirina da attaruhuna. Babu abin da ke riƙe da Baba a gidan nan, in ya duba.

Ya kuwa duba. Ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga ganye, ya bi yaɗon da hannu har bokitin farko. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan saiwar, ya ɗan ja ta, ta ƙi fitowa. Ya matsa na biyu, haka. Manomin da ya tsufa a gona ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya gyara riƙon wuƙa, ya janyo ƙafa zai matsa kusa da duro, sai idonsa ya faɗa kan bandejin da ya leƙo ta gefen takalmi. Tsayuwar da ya yi tun safe ta sa wani jan ɗigo ya fito a jiki, bai fi ƙwayar wake ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Malam direba," in ji shi, "ba ta yankuwa. Saiwa ɗaya gare ta, a cikin duron nan. In na yanke, duk 'ya'yan nan sun mutu."

Direba ya sunkuya yana leƙe. "A'a, Baba, ai ga shi nan ta kama a cikin wannan bokitin..."

"Saiwa ɗaya ce," na ce. Muryata ta fita da ƙarfin da ni kaina na tsorata, a gaban maza baƙi. "Ni nake share wurin kullum. Ɗaya ce."

Direba ya kalle ni, ya kalli Baba, ya kalli bokitin da saiwa ke kwance a fili kowa na gani. Ya ce Allah ya kyauta. Aka sallame shi, ya fita da ƙartinsa suna bin jikin katanga a kaikaice, yana faɗa musu shi ya ɗauki shanu ya ɗauki gadaje, amma bai taɓa zuwa ɗaukar gona ba.

Mai wankin ciwo ya zo bayan azahar, ya ce tsagewar ba ta yi zurfi ba, kuma Baba ya zauna har wurin ya rufe. Amma kafin ya iso mun daɗe mu biyu a tsakar gida, shi a kujera, jakarsa a gefe, ni a tsaye ban san inda zan sa kaina ba. Ya ajiye wuƙar a bakin duro. Can ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na ga wani a asibiti an cire masa. Da sanda biyu yake tafiya, ɗaya nan, ɗaya nan." Ya taɓa hammatarsa. "To da wane hannun zai riƙe fartanya?"

Na janyo ɗayar kujerar, na zauna a ƙasa a gabansa, na cire masa takalmin a hankali. Na sa hannu biyu na ɗaga ƙafar na ɗora a kan kujerar don jinin ya tsaya. Bai janye ba.